Zoben da Ya Tsayar da Injin Matse Inabi

Zuwa ga Duilio, sanyin idona, inuwar zaitun a tsakar rana, ruwan farko bayan dogon zafi, tsohon da gashinsa ya fi gajimaren safiyar kwarinmu fari, muryarsa kuma ta fi ƙararrawar coci shiga kunne ko mutum bai shirya ba.

Armida ce. Ba ka taɓa ganin rubutuna ba sai a jikin kwalaben man zaitun, don haka zauna ka sa tabarau, kada ka yi min fankamar idonka garau yake.

Shekara tara ke nan, kowace Talata da Juma'a, nake jin nishin farar bas ɗinka tun daga kwanar ƙasa kafin ta hau tudunmu. Ka kwaso baƙi daga Siena da safe, ka zagaya da su ganuwa da hasumiya, ka shiga da su ɗakunan ƙarƙashin ƙasa su shinshina gangunan ruwan inabi suna kaɗa kai kamar sun gane wani abu, sannan ƙarfe ɗaya ka zube min su a tsakar gida da yunwa da jajayen fuskoki, ni kuma na murza musu taliya da tafin hannuna. Abin da ke biyo baya kai ka ƙirƙiro shi. Da an ajiye kwanuka sai ka cire hula, ka durƙusa a gabana da abin da ka tsinko a hanya, fure a watan Mayu, ɓaure a Agusta, nonon inabi lokacin girbi, ka ce, "Armida, ki aure ni." Ni kuma na make ka da tsumman kicin a ƙeya na ce, "Tashi, tsohon banza, taliyata na hucewa." Baƙi su tuntsire da dariya, su ɗauki hoto, kai kuma ka juya ka fassara musu. Na san ƙarya kake shara musu. Surukata Loredana tana jin Turanci. Ta ce ranar da na ce kunnuwanka irin na jakin maƙwabta ne, ce musu ka yi wai zuciyata tana neman a ba ta lokaci.

To, gaya min, ya ɗanɗanon zumar tuduna, yaya aka yi ka zaci zan gane Juma'ar da ta wuce daban ce? I, na ga ka ɗaura laktaye. Na ji ƙamshin turare a jikinka, na ɗauka wata baƙuwa ce ta zauna kusa da kai. Mutum goma sha shida ka kawo min, cikinsu har da wata doguwa da ba ta cin alkama, wadda aka kawo ta gidan taliya don a gwada haƙurina, ga miya tana neman kamawa a gindin tukunya. Ka durƙusa, ka yi ƙasa da murya, ka ce, "Armida, yau da gaske nake." Sau nawa ka faɗi haka a shekara tara? Na make ka, har na ƙara ƙarfi don na ga baƙin ranar masu son dariya ne. Na karɓe inabin na jefa cikin kwandon masu girbi da ke wucewa, na koma kan miyata. Na lura ba ka fassara komai ba, ba ka ci komai ba. Na ce a raina cikinka ne ya motsa.

Da yamma, bayan kun gangara, injin matse inabi ya yi wata ƙara ya tsaya cak. Sai ga ɗana Fausto a ƙofar kicin, hannuwansa jawur har gwiwa, yana huci. Ya ce, "Mama, wane mara aikin yi ne ya jefa min ƙarfe a inji ana tsakiyar girbi?" Ya buɗe hannu. Zobe ne, da guntun jan zare a maƙale, ya ɗan lanƙwashe, a cikinsa an rubuta Zelinda. Sunan mahaifiyarka. Ashe a jikin nonon inabin nan ka ɗaure shi.

Zama na yi a kan buhun fulawa.

Na san zoben nan tun ban gan shi ba. Ka tuna shekarar da ƙanƙara ta faɗo mana sati biyu kafin girbi, ta bar kurangar inabinmu kamar kazar da aka fige? Lahadi ce, ba ranar aikinka ba, ka hau tudun nan a kan tsohon kekenka, kai da ba ka san komai ba sai sitiyari. Ka same ni a kan katangar gona ina kallon ɓarna. Ba ka ce min kome zai yi daidai ba, da ka faɗa da na ture ka ƙasa. Ka ciro cuku da wuƙa daga aljihu, kana yanka kana miƙo min, muka yi awa guda ba magana. Awa guda, Duilio, kai da kake yi wa mutane bayanin dutse ɗaya har rana ta karkata! Da ka buɗe baki, labarin zoben mahaifiyarka ka ba ni, yadda ta cire shi ta ɓoye a cikin tulun gishiri shekarar da ba su da komai, don kada mahaifinka ya sayar. Tun ranar ka shige min rai kamar jijiyar ɓaure a tsagin bango, a hankali, ba sallama, har ba a iya cire ta sai bangon ya rushe. Ban faɗa ba. Tsohuwa mai jikoki biyar, ina zan kai wannan magana? Na bar ta a cikin tsumma ina make ka da ita sau biyu a sati.

Na buga wayarka sau bakwai, ba ka ɗauka ba. Na ce bari Talata ta zo. Talata ta zo da wani direba mai baƙin tabarau, wanda ya kira garinmu da sunan garin da ke gaba. Shi ya gaya min ka ajiye aiki, Juma'a mai zuwa ce fitarka ta ƙarshe, ranar Asabar kuma 'yarka Ornella za ta zo ta tafi da kai Milano.

Milano? Me za ka yi a bene hawa na shida, ya tauraron yammacina? Wa za ka yi wa bayani? Za ka tare maƙwabta a matakala ka ce su duba hannun damansu ga kwandon shara, hannun hagu ga keken ɗan wani? Kai da ka san kowace kwana tsakanin nan da Pienza, ka san gonar da ake fara tsinka da wadda ake bari sai ta sha rana, za ka bushe a can kamar tumatirin da aka manta a kan rufi. Ni kuma fa? Bas za ta hau tudu, ƙofa ta buɗe, wani ya sauko da ba kai ba, in yi ta murza taliya ba wanda zan zaga. Tun Talatar nan tsuntsayen tsakar gida ma kukansu ya zame min surutu.

Ga amsata, tunda tsumma ya riga bakina: na amince. Na amince da kunnuwan, da surutun, da gwiwar nan mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Zoben yana yatsana, lanƙwasar da inji ya yi masa ta sa ya zauna daram. Fausto ya daina fushi, ya ce dai kada a sake kawo soyayya kusa da kayan aikinsa. Na gangara makabarta na gaya wa mijina marigayi Quinto, na jira, bai ce a'a ba. Fada, limamin cocinmu, ya ce yana da sararin ɗaura mana aure bayan an gama tsinkar zaitun. Ornella kuwa ka bar ni da ita, zan aika mata da mai da cuku har ta huce.

Loredana ce za ta tura wannan takarda ta ƙarƙashin ƙofarka. Ranar Juma'a ka kawo baƙinka kamar kullum, amma ka sa akwatinka a bayan mota, ka taho da mai baƙin tabarau ya mayar da su. Kada ka durƙusa, ba ni da ƙarfin ɗaga ka. Ka shigo kawai ka ja kujera. Gefen gado na wajen taga nawa ne, kuma ba a yi min magana kafin in sha kofi. Sauran duk naka ne.

Taka ce ni, a shekarar albarka da shekarar ƙanƙara, har ranar da maza huɗu za su gangara da ni tudun nan a kafaɗa. Ko a ranar ma, kai nake so a gaba, kana nuna musu hanya.

Armida