Sunan da Tumpa Ta Sa a Bango

Laraba, 1 ga Fabrairu
Jikata Tumpa ta kawo littafin da ta rubuta. Ita ta buga abinta, tunda kamfanonin buga littattafai na Dhaka sun ce ba sa son shirme. A bangon littafin ga wani tsoho ɗaure da lungi, zanen maza, yana shawagi a saman kogi, gidan sauro ɗaure a wuyansa kamar mayafi. Tatsuniyata ce, wadda nake yi wa jikokina suna ƙanana idan an ɗauke wuta: mutumin da in ya yi atishawa sai ya tashi sama, ya ceto kwale-kwale, ya dawo yana mitar shayinsa ya huce. Ni "wani mutum" nake cewa. Ita kuwa ta dangwara sunan kakanta, maigidana, ɓaro-ɓaro, da jan rubutu.

Asabar, 4 ga Fabrairu
Na karanta. Atishawar tasa ce sak. Tsoron dinya ma nasa ne. A garin Barisal wata dinya ta taɓa korar shi har cikin masallaci. Na yi dariya har Shefali, uwar Tumpa, ta leƙo ko lafiya.

Talata, 7 ga Fabrairu
Wai Tumpa tana so in je baje kolin littattafai in karanta babin farko a lasifika. Teburinta yana can lungu, mutane sai wucewa suke, kuma in watan nan ya ƙare ba a lura da ita ba, ta ce ta daina rubutu. Na ce mata tun ranar da aka kai ni gidansa ban taɓa kama sunan nan ba. "Baban Shefali" ne, ko in ce "kana ji?" ya juyo.
Ta ce, "Kaka, mutumin nan fa ya daɗe da rasuwa. Ko tsoro kike ya yi atishawa ya sauko?"
Na ce marar kunya, ta bar mini ɗaki.

Juma'a, 10 ga Fabrairu
Innata fa, ma'anar sunan mijinta ita ce farin wata. Har ta rasu "fitilar sama" take cewa. Ko jajiberin sallah sai ta aike mu soro mu duba mata fitila. Ba mu taɓa jin abin a matsayin abin dariya ba.

Lahadi, 12 ga Fabrairu
Na gwada faɗin sunan ni kaɗai a kicin. Ya maƙale kamar ƙayar kifi.

Juma'a, 17 ga Fabrairu
Na je. Na ajiye littafin a cinya na ba da labarin da ka, yadda na saba. Da na zo wurin sunan sai na yi shiru. Tumpa ta sunkuyar da kai. Can wata mata mai goyo ta duba bangon littafin ta faɗe shi da ƙarfi, aka kwashe da dariya, an ɗauka salo ne. Daga nan duk inda na tsaya sai jama'a su cike mini. Har 'yan sandan bakin ƙofa. Bawan Allah da bai taɓa ɗaga murya ba, ga sunansa yana tashi har kan titi.
Layi ya kafu a teburin Tumpa. A tsayawar ƙarshe kamar bakina ya motsa tare da nasu. Hayaniya ta yi yawa, ba na jin wani ya lura.

Asabar, 18 ga Fabrairu
Motaleb.
Biro ne ya rubuta, ni ina kallo kawai.