Yaya Ya Goge Muryar Mama

Anti, don Allah ki taimaka min. Ɗaliba ce ni a ajin ƙarshe na sakandare, kuma ban iya faɗin abin da ke raina a gaban mutane ba.

Kafin a yi wa mahaifiyata aikin maƙogwaro, likita ya ce da wuya ta sake magana. Sai yayana, wanda ke aiki a situdiyon ɗaukar sauti, ya kai ta can ya ɗauki waƙoƙin da take rera mana muna yara. Ya bi da muryar ta cikin na'urori biyu tun kafin ta shiga kwamfuta: kwamfuresa mai danne sauti ya zama bai ɗaya, da ikwalaiza mai rage kaushi. Bai ajiye ta asali ba.

Yanzu Mama ba ta magana. A da muryarta tana da 'yar dishewa, kuma takan ja numfashi ta yi ƙasa da murya idan za ta kira ni. Duk babu a waƙoƙin da ya ɗauka. Wata mata ce mai sumul nake ji, kamar ta rediyo. Kowa yana yabon aikin, ni kuwa na daina gaishe da Yaya sosai. Ina tsoron na fara manta yadda take kirana. In faɗa masa ya cuce mu?

Ƙanwar mai situdiyo

'Yata, ba zan ɓoye miki ba: abin da aka danne a lokacin ɗauka ba ya dawowa. Shi ya sa masu lura suke ajiye ɗanyen sauti a gefe. Yayanki ya yi kuskure, baƙin cikinki kuma yana da dalili.

Amma ki duba nasa ɓangaren. Muryar mara lafiya takan tashi ta faɗi, dama ɗaya gare shi, ga mahaifiyarsa a gaban makirufo. Tsoron kada wata kalma ta ɓace ne ya sa ya matse. Kunnensa ya fi naki horo. Ina zaton ya riga ki jin abin da ya rasa, yabon mutane ma ciwo yake masa.

Kada ki ce ya cuce ku. Ki ce kina kewar dishewar. Sannan ku bi wayoyin 'yan uwa ku tattara saƙonnin muryarta, har da na faɗa, ya adana su yadda suke. Ki yi hakan a makon nan, kafin wani ya canza waya.

Allah ya ba Mama lafiya, ya sanyaya zukatanku.