Banturin da Sadiku ya faɗaɗa

Daren Laraba, farkon damina

Yau ma injin ƙaramin jirgin saman wasa na ɗana Sadiku ya ƙi zama. Yakan tashi, ya yi ƙara kaɗan, sannan ya shaƙe ya tsaya.

Na san dalili. Kafin rasuwarsa, ya kai banturin, wato maƙogwaron da iska ke shiga injin, wurin wani maƙeri a Messa, aka faɗaɗa masa ramin, domin shi gudu yake so. Na gaya masa a lokacin cewa rami mai faɗi haka ba ya zuƙo mai yadda ya kamata. Dariya ya yi.

Bayan la'asar na ɗaura ƙaramar farfela, ko saurin juyawarta zai taimaka. Injin ya yi ta kururuwa har maƙwabcinmu tela ya leƙo ta katanga, ya ce, "Injiniya, a yi haƙuri, jariri na barci." Duk da haka injin ya tsaya. Da babbar farfela kuwa ko tashin kirki ba ya yi.

Matsattsen banturin asali yana cikin gwangwani. Idan na mayar da shi, jirgin zai tashi, ba ni da shakka. Amma sai na cire abu na ƙarshe da ɗana ya zaɓa da kansa, in ci gardamar da ba zai iya ramawa ba.

Da magariba mahaifiyarsa ta ce, "Alhaji, ɗan ƙanwarka zai zo ɗaukar jirgin nan ranar Juma'a. Mai tashi za ka ba shi, ko kuwa?"

Na ce mata ina kan lissafi. Lissafin kuwa na gama shi tun yaron yana da rai.