Da Ingilishi Kaɗai Nake Iya Hira da Ɗan Farina

Hajiya Fadimata, salamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara tun kafin a ɗora ni a mota a kai ni Maradi a ɗauki hoton kaina, alhali lafiyata lau, ni na jawo wa kaina da hannuna. Ki yi haƙuri da tsawon takardar, dillali ne ni, ba mu iya gajarta zance ba.

Sana'ata dillancin bisashe a kasuwar Dakoro, tun ina saurayi. Hausa da Fillanci da ɗan Buzanci da Faransancin da na tsinta a lakwal, wato makarantar boko, sun ishe ni shekara da shekaru. To, sai fataken kudancin Najeriya suka yawaita, masu sayen raguna da shanu, waɗanda Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba. Na iya ƙirga da Ingilishi, na iya cewa zo, tafi, ya yi tsada. Amma ciniki ba ƙirga ba ne, Hajiya, rabinsa wasa ne da dariya. Ina ji ina gani yaran da na koya wa riƙon igiya suna janye mini baƙi, don kawai sun iya jefa wata magana da suka tsinta a waya, baƙo ya ƙyalƙyale, ya dafa kafaɗarsu, shi ke nan ya bi su. Ni kuwa ina tsaye da rawanina kamar turke.

Sai aka ce in koyi irin wannan Ingilishin, na titi da na hira, ba na takarda ba. Kuma duk garin nan wa ya fi iya shi? Mushe, wato malamin da ke koyar da angile, Ingilishi ke nan, a kolej. Wane ne shi? Ɗan farina.

Ke kin san al'adarmu. Shekarunsa talatin da 'yan kai, ban taɓa kiran sunansa ba, kuma yanzu ma ba zan rubuta miki shi ba, balle sunan mahaifina ya ci. Da aka yaye shi yayata Dela ta ɗauke shi ta tafi da shi Birnin Lalle, can ya girma. Idan ya shigo gaisuwa ya durƙusa, ni in dubi bango in amsa, ya tashi ya fita. Ranar da ya ci jarrabawar bak, ta gama sakandare, ɗaki na shiga na rufe ƙofa na yi murnata ni kaɗai, na fito na ce wa mutane to, Allah ya sa albarka, kamar ɗan maƙwabci ne. In ina da saƙo gare shi sai in faɗa wa uwarsa Lailatu, ita ma da ke jin kunyarsa ta aika wa Dela, Dela ta faɗa masa. Haka maganar karatun ma ta bi, ta zagaya har Birnin Lalle ta dawo, alhali gidansa da nawa katanga ɗaya ce tsakani.

Ya amsa. Muka fara bayan la'asar a zaure, shi a bakin ƙofa yana duban titi, ni a ciki ina ƙirga azara. Kwanakin farko kamar zaman makoki. Shi ya faɗi, ni in maimaita, kowa yana magana da iska. Sai ranar da ya ce wai in mutum ya tona asiri, Turawa cewa suke ya zubar da wake. Na ce a raina, wake? Ni da na san wahalar roron wake a gonarmu ta Mai Yara? Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, shi ma ya fashe da ita, muka dubi juna. Hajiya, ranar na fara ganin yaron nan yana da wushirya. Irin tawa sak.

Daga nan abin ya ɓalle. Ashe mutanen nan ba su da aiki sai wahalar da magana. In abu ya yi tsada, wai ya ci hannu da ƙafa. In mutum yana zolayarka, wai jan ƙafarka yake. In ka yi gaggawa su ce ka riƙe dawakinka, ko da kuwa jaki ba ka da shi. Sannan ga wata masifar: su ɗauki kalma guda su liƙa mata sama, ko ƙasa, ko waje, sai ta rikiɗa ta zama wata aba dabam. Ba da sama, wai ka gaji ka haƙura. Rataya a waje, wai zaman hira da abokai, na ce Allah ya tsare mu da irin wannan hirar. Kowace ya kawo sai mun yi mata shari'a, ni ina ƙarar Turawa, shi yana kare su, shayi yana tafasa har ya ƙone.

Abin da na lura shi ne, Ingilishi ba shi da kunyar ɗan fari. Da Hausa har gobe ba na iya tambayarsa ko ya ci abinci. Amma da Ingilishi ina ce masa mutumina, ina ce masa ya daina ja mini ƙafa, har tafawa muke. Da Ingilishin na ji cewa shi, ɗan dillali guda, yana tsoron raƙumi tun yana ƙarami, da shi na ji cewa ranar da ya ci bak ya zaci labarin bai iso mini ba. Da ya faɗi wannan na ce hayaƙin gawayi ne ya shiga mini ido. Kasuwa kuma ta gyaru, baƙina sun dawo, akwai wani mutumin Fatakwal da ba ya sauka wurin kowa sai wurina. Amma wallahi tun tuni kasuwar ta zama hujja kawai. Tun azahar nake shimfiɗa tabarma ina duban hanya.

Rannan kawai sai mushe ya ce, da Ingilishi, wai na gama, abin da na sani ya ishe ni kasuwa har da rara, ba sai ya ci gaba da cinye mini lokaci ba. Na ji kamar an sayar da ragona a bayan idona. Me zan ce? In ce zauna, ina son ganinka? Da wane bakin? Sai shaiɗan ya kawo mini dabara. Na aika ta hanyar da aka saba cewa na manta wasu, a zo a maimaita. Ya zo. Ya tambaye ni zubar da wake, na ce ai ɓarna ce. Ya tambaye ni riƙe dawaki, na hau sosa ƙeya. Ya sake koya mini, muka sha shayi, raina fes. Da na ga dabara ta ci sai na ƙara gishiri. Na manta na jiya, na manta na shekaranjiya, har na kai ga manta yadda ake ƙirga, ni dillali.

Nan na yi wauta. Yaron ya daina dariya. Sai in ɗago in tarar yana kallona da wani irin ido, yana tambayata a hankali wace rana ce yau, me na ci da safe. Ashe ya shiga waya ya karanta ciwon mantuwar tsofaffi. Ya gaya wa Dela, Dela ta hau mota ta sauka gidana da ƙullin hayaƙi da rubutun sha, tana faɗa wa duk wanda ya shigo cewa dama ta faɗa, duk uban da ya zauna yana ƙyalƙyata da ɗan fari, har da tafawa, kansa sai ya juye. Wai alhakin kunya ne ya kama ni, kuma Ingilishin ne ya cika kan ya tura sauran abubuwa waje. Ta hana karatun. Lailatu kuwa ta ɓoye mini makullin moto, babur ɗin da nake hawa. Abokan sana'a sun fara yi mini magana da ƙarfi kamar kurma. Shi kuwa ya karɓo randebu, wato ranar ganin likita, wurin wani lokotoron kai a Maradi, ya nemi izinin barin aji, kuma matarsa ta ce abinci ma sai an yi da shi. Ya rame, Hajiya. Ni na ramar da shi.

Yanzu ban san ina zan sa kaina ba. In na warke farat ɗaya, karatu ya ƙare, mu koma gaisuwar durƙuso. In na ci gaba, injin Maradi ya tona ni, ko a rubuta mini maganin ciwon da ba ni da shi. In na faɗi gaskiya, Dela za ta yi shela har Bader Goula cewa ƙanenta da furfurarsa ya yi ƙaryar ruɗewa don ya zauna da ɗansa. Kuma ko na so in faɗa masa dalili, da Hausa ba za ta fito ba, da Ingilishi kuma ba a koya mini wannan ba. Ina son yaron nan, Hajiya. Ke ce ta farko da na taɓa faɗa wa. Yaya zan yi?

Dillalin da ciniki ya juye masa, Dakoro

Wa alaikumus salam, Baban Mushe. Na yi dariya har na ajiye takardarka, na sake ɗauka, da na kai ƙarshe kuma dariyar ta tsaya. Bari mu fara da abin da ba ya jira: mantuwar nan ta warke yau, ba gobe ba. Ɗanka yana yawo da tsoron cewa uban da ya samu jiya-jiya zai ɓace masa yana kallo. Ba ƙaramin kaya ka ɗora masa ba, kuma babu al'adar da ta sa ka. Kunya ta ce kada ka kira sunansa, ba ta ce ka ramar da shi ba.

Ba zan zagi kunyar ɗan fari ba, tana da dalilinta. Tana hana uba fifita ɗa guda a gaban sauran, tana ba dangi hannu a tarbiyya, ita ce ta ba Dela ɗa. Ka tuna ita ta goya shi, ita ta yi jinyarsa, kuma duk tsawon shekarun nan ta bakinta maganarku ke bi. Yanzu kun ajiye ta gefe kuna hira kai tsaye da yaren da ba ta ji. Ko ni ce sai na zo da hayaƙi. Saboda haka a gabanta da gaban surukai a rage tafawa, a bar sunan inda yake, ba ka yi asarar komai ba. Amma zama da ɗanka a zaurenka ba zunubi ba ne, ba kuma ciwo ba ne.

Mushe malami ne na ƙwarai, sai dai ya yi kuskure da ya ce ka gama. Irin wannan Ingilishin ba a gama shi. Maganar titi tana sakewa kamar yayin atamfa, ta bana ba ita ce ta bara ba, kuma wadda ba a juya ta cikin hira guduwa take da gaske, ba irin gudun naka ba. Ka ga kana da hujjar gaskiya a hannu, ka bar ta ka je ka ɗauko ta ƙarya. Abin da kake bukata yanzu abokin hira ne. Ku kunna rediyo ku saurari muhawarar ƙwallo ko ta siyasa tare, ku tsinci sababbin maganganu. Kai kuma ka riƙa kawo waɗanda ka ji a bakin fatake ranar kasuwa, ku warware su tare. Wannan karatu ba shi da ranar rufewa.

Dela kuwa, kada ta ji a bakin wani. Ka same ta kai kaɗai, da goronta, ka faɗa mata. Za ta yi maka tas, sannan za ta yi maka dariya har Sallah ta zagayo, wannan hakkinta ne na yaya, kuma ka cancanta. Amma macen da ta bar gidanta ta hau mota saboda ƙanenta, jin cewa kansa lafiya ya fi mata komai. Lailatu ma ka gaya mata, ta ba ka makullinka. Kuma ka lura da ita. Kai ka sami Ingilishi, ita ba ta sami komai ba. Ka riƙa kai mata labarin ɗanta, ba za ta tambaya ba, amma za ta saurara.

Saura babban aikin, kuma a yi shi kafin ranar Maradi. Ka kira shi kai da kanka, ba aike. Ka zazzago masa duk abin da ka ce ka manta, ɗaya bayan ɗaya, ba tuntuɓe, har ya gane da kansa. Zai yi fushi, ka bar shi ya yi, ka ba shi haƙuri. Uba yana ba ɗansa haƙuri kuma girmansa na nan. Daga nan zai so ya san dalili, kai kuma ka ce ba a koya maka ba. To, ɗalibin da bai san abu ba malaminsa yake tambaya. Ka tambaye shi da Hausa, ko da kanka a sunkuye ne, cewa in mutum yana jin daɗin zama da wani, ba ya son ya daina zuwa, yaya ake faɗinsa da Ingilishi. Zai gaya maka, amma ba sai ka maimaita ba. Kafin ya fassara, ya riga ya ji ta da Hausa daga bakin ubansa.

Allah ya bar ku tare, ya yi wa kasuwa albarka, ya mayar wa mushe da ƙibarsa.

Hajiya Fadimata