Kwalba Mai Tauraro

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ya maigidanki da yara? Allah ya sa kowa lafiya.

Ni dai alhamdu lillahi. Har yanzu ina wajen tsohon nan mai tara tsofaffin kwalaben lemo. Aikin ba wuya: in goge su, in duba tambarin kowacce, in ajiye ta a kantarta. Gama-garin kuma mukan sayar wa baƙi. Sai ki ga biyu kamar tagwaye, amma jan tambarin ɗaya ya fi duhu, ko kuma tana da ɗan tauraro ƙarƙashin sunan. Shekara shida ban taɓa kuskure ba, har tsohon yana kirana Madubi.

Sai dai kwanan nan dishi-dishi nake gani. Makon jiya na ɗauki mai tauraron, wadda ya yi shekara ashirin kafin ya samu, na sayar wa wani baƙo, na zaci gama-gari ce. Tsohon bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon gurbinta, sannan ya ce, "Madubi, zauna ka huta." Tun ranar shi ke jerawa, ni shara nake yi. Likita ya ce tabarau ba zai taimaka ba.

Don Allah kada Inna ta ji. Ki ce mata aiki na tafiya. Ki aiko mini hotonta babba, wanda fuskarta ta cika takardar. Kada ki bari sai wata mai zuwa, Yaya.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki