Hawainiyar Kofur Bunu

Kukar Mala, gabas da Baturiya
9 ga Zulƙida, 1365

Daga Malam Umara zuwa ga ƙanensa Bunu a Haɗejiya. Gaisuwa da fatan alheri. Iya tana lafiya, ƙanwarka Mairam da yara duk lafiya. Ruwa ya fara janyewa daga fadama, shinkafa ta yi kyau, alhamdu lillahi.

Bayan haka, Hamman mai kwalekwale, wanda yake kai mana busasshen kifi Haɗejiya, ya dawo da labarin da na so a ce ƙarya ne. Ya ce ya tarar da kai tsugune gaban kwando kana ɗiga wa hawainiya ruwa a baki da ganye, kana ce mata sannu. Sau biyu ya yi sallama ba ka ji ba. A bakin kogi ya ba da labarin, gaban jama'a, har da Mala, wanda na zubar da girmana na je neman maka auren 'yarsa Talatu. Aka yi ta dariya ina tsaye.

Shekara uku ka yi a yaƙin Turawa. 'Ya'yan mutane sun dawo daga ƙasar Bama ta ƙetaren teku, wani da keke, wani da keken ɗinki. Kai ka dawo da igiya biyu a hannun riga, ka ƙi zama a gida, ka tafi birni wanke wa mutane gyambo a ɗakin magani. Wannan ma na haɗiye. Yanzu kuma jinyar abin da ko yara ba sa taɓawa sai da sanda. Kakanmu daga Barno ya taso da allo da tawada, jikansa ya zama unguwarzomar ƙadangaru.

Ka jefar da ita bayan gari, ka wanke hannunka, ka zo gida Babbar Salla a ɗaura aurenka. Ba shawara nake ba ka ba.

Wasalam. Yayanka, Umara.

Haɗejiya
14 ga Oktoba, 1946

Zuwa ga Yaya Umara. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kowa lafiya. A gaishe mini da Iya da kyau, a ce mata man zafin da na ba Hamman na gwiwarta ne, safe da yamma.

Takardarka ta iso. Hamman bai yi ƙarya ba, sai dai bai san farkon zancen ba. An tura mu kasuwar Kafin Hausa yi wa yara lamba. A layin masu magani na ga wani ya ɗaure hawainiya huɗu a jikin kara ya kafa a rana, don su bushe ya daka. Uku sun mutu. Ta huɗun ido ɗaya ne kawai yake juyawa. Na ba shi tsohuwar hulata ta soja, ya ba ni ita, yana kallona kamar yadda kake kallona a takardarka.

Igiyar ta yanke ta a ciki, ƙafar baya ta karye, idanun sun faɗa. Launinta kamar toka, ba ya sauyawa. Na yi wa ƙafar karan ɗori da tsinken tsintsiya da zare, ina wanke mikin da ruwan gishiri. Ba ta shan ruwa a kasko, sai an ɗiga a ganye ya gangaro mata, ɗigo ɗaya, a jira, sannan wani. Fara kuwa na kawo mata ta ƙi. Yau kwana goma sha ɗaya ba ta ci komai ba, amma jiya ta riƙe yatsana da ƙafar gaba, da ƙarfinta.

Ana cewa hawainiyarka ta kiyayi ramata. Tawa tana cikin kwando, Yaya, ba ta taɓa ramar kowa ba.

Zancen Salla, in ta iya kama reshe kafin nan, zan sake ta in zo. In ba ta iya ba, babu wanda zai ba ta ruwa in na tafi, kuma ba za ta jure tafiyar kwalekwale ba. Ka ba Mala haƙuri, a ɗaga zuwa bayan girbi.

Naka, Bunu.

Kukar Mala
25 ga Zulƙida

Daga Malam Umara zuwa ga Bunu. Gaisuwa gwargwadon abin da ya wajaba.

Na karanta wa Iya takardarka har inda ka ambaci man zafi, na tsaya. Sauran ba abin da za a karanta wa tsohuwa ba ne. Da ka rubuto mini lafiyar ƙafar hawainiya dalla-dalla, ai da ka haɗa da sunan da ka raɗa mata, mu san ranar da za mu zo barka.

Ka ce in ba Mala haƙuri. Na je. Ya tambaye ni, cikin ladabi, ko gaskiya ne sojojin da suka ƙetare teku wasunsu kan dawo da taɓuwa. Ya ce shi ba zai kai 'yarsa ɗakin da za ta riƙa kama wa kishiyarta fara ba. Ya janye maganarsa. Ban ga laifinsa ba, ni ma da 'yata ce haka zan yi.

Mutum ya bar uwarsa ranar Salla saboda dabbar da ko layya ba a yi da ita. Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Ku biyu kuka tafi, kai da Auta. Yaron nan shekararsa goma sha takwas, ya tsaya gaban abokan gaba ya karɓi harsashi a ƙirji, ya mutu mutuwar maza, kamar yadda ka shaida mana da bakinka. Iya tana kuka tana alfahari. Shi namiji ya kwanta a ƙasar wasu, kai aka dawo mana da kai. Allah ba a tambayar sa dalili, amma ni na san wanda gidan nan ya yi asara.

In ba ka zo ba, zan turo ɗana Abdulwahid da Hamman. Diddige ɗaya a kan hawainiyar ya isa ya raba ka da wannan ciwo.

Wasalam. Umara.

Haɗejiya
27 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Umara. Ina gaisuwa, don Iya ta koya mini gaida na gaba da ni.

Tunda ka kawo Auta cikin zancen, bari in ba ka shi yadda yake. Babu harsashi. Auta bai taɓa riƙe bindiga ba, kaya yake ɗauka a ka, a cikin tsaunuka, ruwan sama na dukan sa. Atuni ne ya kama shi. Kwana tara ya yi yana zubar da jini a ƙarƙashin rumfar ganye da na yi masa, mota ba ta zuwa wurin, magani ya ƙare. In ya kurɓi ruwa sai ya dawo da shi. Sai na koyi ɗiga masa da ganye, ɗigo ɗaya, in jira, sannan wani. Da na ɗauke shi zuwa kabari bai kai nauyin buhun gero ba. Harsashin ni na ƙirƙira a jirgin ruwa muna dawowa, don Iya ta samu abin riƙewa.

A kwana na bakwai ya ce mini, "Yaya Bunu, ka san ba sunana ba ne a takardar mai gari ta masu tafiya soja?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Sunan Abdulwahid ne. Yaya Umara ya kai rago aka sauya. Ɗan aiken mai gari ne ya gaya mini a tashar Malam Madori, muna jiran jirgi." Na ce don me bai faɗa ba tun a lokacin. Ya ce, "Da na faɗa, da ka koma gida kun yi faɗa, ni kuma in tafi ni kaɗai."

Ka tuna abin da ka ce wa Iya a tsakar gida: suna daga sama ya zo a rubuce, ba mai iya kankare shi. Na yarda da kai, shi ya sa na bi yaron na sa hannu don kada ya tafi ba nasa. Shinkafar da ka ce ta yi kyau bana, a gonar wa take?

Wata biyar da dawowata ina riƙe da wannan. Shi ya hana ni zama a gida, don ba zan iya cin tuwo a kwano ɗaya da kai ina kallon hannunka ba.

Ban ce hawainiya Auta ce ba, ban haukace ba. Dabba ce, kuma mai yiwuwa ta mutu. Na gan ta a ɗaure tana bushewa, hannuna kuma ya san aikin, shi ke nan. Kai da ka san nassi, ka nemo mini inda aka hana.

Ka turo Abdulwahid, zan karɓe shi hannu biyu, ba shi da laifi. Sai dai in ya tambaye ni yadda baffansa ya rasu, zan gaya masa. Wannan takarda kuwa, malam mai karatu, ka karanta wa Iya ita har ƙarshe in ka isa.

Bunu.

Kukar Mala
3 ga Zulhajji

Daga Umara zuwa ga Bunu.

Maganar mai zazzaɓi a bakin mutuwa ba hujja ba ce, kowane ɗalibi ya san wannan. Kuma ko da haka ne, Abdulwahid shi kaɗai ne ɗana namiji a lokacin. Ba ka haihu ba, ba ka san komai ba, sai renon abin da ke cin ƙuda. Gonar Auta kuwa da na bar ta, da ciyawa ta cinye.

Ban karanta wa Iya ba, ba kuma zan karanta ba. In kana so ka kashe ta, ka zo ka yi da bakinka. Abdulwahid ba zai zo ba, yana da aiki. Kada ka sake rubuto mini.

Umara.

Kukar Mala
Kwana biyu bayan Salla

Zuwa ga Yaya Bunu, daga ƙanwarka Mairam. Malam Shu'ibu liman ne yake rubuta mini. Ina gaishe ka, ina yi maka barka da Salla, yaya aiki, yaya mai jiki.

Yaya, Iya ta ji komai. Ta ga Hamman ya kawo takarda, ta ga Yaya Umara ya karanta a zaure ya cusa a gafakarsa. Kwana shida tana jira. Ranar jajibere da ya tafi kasuwa, ta ɗauko ta, ta ce in raka ta gidan liman. Malam ya karanta a zuci, ya ce, "Iya, wannan ta 'yan'uwa ce, a bar musu." Ta ce, "Ni na haife su duka ukun. Karanta."

Ba ta yi kuka ba. Wuri ɗaya ta ce a maimaita mata, inda Auta ya ce kada ya tafi shi kaɗai. Muka dawo gida ta dama fura kamar kullum.

Ranar Salla Yaya Umara ya yanka ragonsa, ya kawo mata hanta da kansa. Ta dubi kwanon, ta dube shi, ta ce, "Umara, wannan ragon kuma wa za ka fansa da shi?" Ya tsaya riƙe da kwano, matansa da yara suna kallo. Har yau ba ta ƙara yi masa magana ba, shi kuma ya daina zama a bakin kogi.

Ran Alhamis za ta biyo Hamman zuwa wurinka, gwiwa ko ba gwiwa. Ta sa na kama fara ƙanana kore na zuba a gora da ransu. Ta ce kai soja ne ba ka san komai ba: hawainiya ba ta cin abin da ba ya motsi, kuma ka riƙa fitar da ita hantsi. Ta ce in cikinta ya kumbura ka zuba mata ƙasa mai laima a tukunya, ƙwai ne.

Talatu ta ce in gaya maka ita ba a tambaye ta ba.

Ka huta lafiya. Mairam.

Haɗejiya
19 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Umara. Bayan gaisuwa. Ka ce kada in rubuto, wannan ce ta ƙarshe.

Iya ta iso lafiya. Hawainiya ta ci fara biyu a hannunta. Ran Lahadi ta haƙa rami a tukunya da ƙafa uku, ta saka ƙwai ashirin da shida, ta rufe. Jiya da hantsi ta mutu. Tukunyar tana gindin tsamiya, Iya ke yayyafa mata ruwa.

Kowace safiya Iya takan sa in ba ta labarin kwana ɗaya daga cikin taran. Yau mun kai na shida. Ta ce a aiko mata da akwatinta da tabarmar sallarta ta hannun Hamman.

Na tambaye ta ko tana da saƙo gare ka. Ta ce a gaida yara.

Bunu.