Sa Hannun da Ya Raba Baba da Abokansa

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana. Wata biyar ke nan ina ɗauke da wani abu a ƙirjina, ko yayana da muke ciki ɗaya sai makon jiya na iya buɗe baki na faɗa masa. Ki yi haƙuri in na yi ta kwana-kwana. Ban saba ba da labarin kaina ba, aikina sauraron ƙorafin wasu ne.

Ni da mahaifina muke zaune a hawan ƙasa na wani rukunin gidaje masu bene. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Shekara shida da suka wuce ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ya daina aiki, baki ya ɗan karkace, magana sai ka kasa kunne sosai. Da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu yake tafiya. Tun lokacin ni nake sa masa hannu a takardu, na asibiti da na ƙungiyar mazauna gidajen. Shi da kansa ya koya min, har yana min tsiya wai na fi shi iya rubuta sunansa.

Tsakanin benayenmu akwai wani fili mai bishiya ɗaya da bencin siminti uku. Daga ƙofarmu taku talatin da biyu ne, babu matakala ko ɗaya. Nan ne duniyar Baba. Da yamma ta yi zai sa hula, ya ja ƙarfensa ya fita. Akwai amininsa Mai Agogo, wanda suka shekara goma sha tara suna zama tare. Akwai Kyaftin, wanda bai taɓa tuƙa jirgi ba, ƙwallo ya buga da ƙuruciya sunan ya bi shi. Sai wasu tsofaffi huɗu ko biyar. Rediyo suke kunnawa su yi ta musu a kan labarai. Mai Agogo ne tafintan Baba, shi yake maimaita wa sauran abin da ya ce, kuma in ya ga Baba zai ci musun sai ya juya maganar da gangan. Baba ya yi ta buga ƙarfe a ƙasa, su kuma suna dariya har da hawaye.

Ni kuwa daga gida nake aiki, ina amsa kiran waya na wani kamfani, kuma tagar ɗakina filin take kallo. Sau biyu shugabata tana ba ni takardar gargaɗi don masu kira sun ji hayaniya a bayana. Dariyar Kyaftin kaɗai ta isa ta tada mai barci a hawa na uku. Ban taɓa yi musu magana ba, da wane baki zan ce wa sa'o'in ubana su rage murya? Sai dai in rufe taga in yi ta haɗa gumi ina cizon yatsa.

Ana haka Ciyaman na ƙungiya ya zo da takarda, wai za a gyara fili, a tsara wurin ajiye motoci, a hana zaman banza. Dokar ƙungiya ita ce gida ɗaya hannu ɗaya, kuma hannun mai gidan. Gidanmu da sunan Baba yake. Yana barcin rana a lokacin. A tsaye a bakin ƙofa na karɓi biro na zana sunansa kamar yadda na saba, ko minti ɗaya ban ɗauka ba. Na ce wa kaina ai matsar da bencin za su yi zuwa baya. Ban tambaya ba, Anti. Gaskiyar magana ban so in tambaya ba.

Cikin kwana uku aka sare bishiyar, aka farfasa bencin, aka zuba kwalta, aka ja layuka da farin fenti, aka ɗaura sarƙa. Baba yana kallo ta taga.

Abin da ban sani ba shi ne za a manna jerin sunayen waɗanda suka yarda a allon sanarwa. Allon yana saman matakala uku, Baba ba ya iya kaiwa, amma abokansa sun kai. Sun ga sunansa da sa hannunsa da suka sani. Daga baya na ji har a taro Ciyaman ya rufe musu baki da shi, wai ga dattijon bencin ma ya amince, su wane ne su. Tun ranar babu wanda ya taka ƙofarmu. In na haɗu da su a hanya sai su amsa gaisuwata a daƙile, ba sa tambayar jikinsa. Na gane dalili, na yi gum.

Na yi ƙoƙarin toshe ramin ta wata hanya. Na kai shi sabon lambun shaƙatawa da aka buɗe a ɗaya gefen gari, mota biyu muka shiga, muka tarar sai an hau gadar ƙafa kafin a kai ƙofa, muka juyo. Na kai shi wani shagon shan shayi, kiɗa ya hana a ji maganarsa, ma'aikaciyar tana ta zagayo mu don mun daɗe a kan kofi ɗaya. Yayana, da yake zaune a wani gari, ya aiko da babbar talabijin. Tana nan a kunne, shi kuma yana kallon bango. Ya daina aski, ya daina sa hula, abinci sai na yi da gaske. Ƙafar da take kai shi taku talatin da biyu yanzu da ƙyar take kai shi banɗaki.

Mako uku da suka wuce Mai Agogo ya rasu. Ba wanda ya aiko mana, sai bayan an binne shi muka ji. Na je gaisuwa ni kaɗai. Matarsa ta riƙe hannuna ta ce min marigayin ya yafe wa Baba, amma har ya kwanta ciwo yana mamakin yadda mutum zai zauna da kai shekara goma sha tara ashe ya gaji da kai. Na yi mata addu'a na fito.

Da na dawo na gaya wa Baba na je, sai ya daɗe yana haɗa kalmomi, sannan ya ce min shi ya gane. Wai dama haƙuri suke yi da shi, da miyan da ke zubo masa da maganarsa da ba a ji, da aka cire bencin sai suka huta. Ya ce kar in ga laifinsu. Anti, na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka kamar raina zai fita.

Yayana ya ce in rufe bakina, likita ya hana a tayar masa da hankali, jininsa na hawa, in wani abu ya same shi ni ce. Ga shi na ji Kyaftin zai koma wurin 'yarsa a wani gari ƙarshen watan nan, kuma shi kaɗai ya rage cikin na kusa. In na faɗa, ina tsoron in kashe ubana, ko ya rayu yana kallona a matsayin maci amana, alhali ni kaɗai gare shi a kusa. In na yi shiru, ina kallonsa yana ƙarewa. Ya zan yi?

Taki,
Mai Biro

*

'Yata Mai Biro,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ba zan ɓata lokaci wajen yi miki faɗa ba, kin riga kin yi wa kanki wanda ya fi nawa zafi. Shekara shida kina jinyar mahaifi ke kaɗai, kina neman abincinku da kunne ɗaya a waya. Bukatarki ta samun shiru ba son kai ba ce. Kuma ba hannunki kaɗai ya sare bishiyar ba, da ke da babu ke mai yiwuwa da an sare ta. Amma hannunki kaɗai ne ya raba shi da mutanensa, kuma shirun wata biyar ya fi sa hannun minti ɗaya nauyi. Na san kin san haka.

Yayanki ma ba mugunta yake nufi ba, tsoronsa na gaske ne. Sai dai shi daga nesa yake auna abin. Yana ganin gaskiya ce za ta iya kashe Baba, bai ga cewa ƙaryar ta riga ta fara aikin ba. Mutumin da ya daina ci, ya daina tafiya, ba a kwance hankalinsa yake ba. Ki kira likitansa gobe, ki tambaye shi yadda za a faɗa da lokacin da ya fi dacewa. Kar ki tambaye shi ko a faɗa, wannan ba aikin likita ba ne.

Kafin Baba, ki fara da Kyaftin, kuma da ƙafarki, ba ta waya ba. Ki faɗa masa a taƙaice: ke kika sa hannu, Baba bai taɓa ganin takardar ba. Kar ki haɗa da uzurin aiki sai in ya tambaya. Zai iya yi miki wankin babban bargo, ki tsaya ki sha. Sannan ki roƙe shi ya zo. Washegari da safe, bayan Baba ya karya ya sha maganinsa, ki zauna ki gaya masa da bakinki, Kyaftin yana kusa, yadda zafin labarin da sanyinsa za su iso tare. Daga nan ki koma wurin matar Mai Agogo. Mijinta ya riga ya tafi, amma ita tana riƙe da labarin da ba gaskiya ba, kuma za ta ba 'ya'yanta.

Sai ƙungiya. Ki rubuta cewa an sa hannun ba da sanin mai gida ba, ki sa sunanki na gaskiya, ki manna a allon da aka manna wancan. Kunya za ki ji, ta kwana uku ce. Daga yau kuma duk takardar da ta zo a karanta masa, in ya yarda ya dangwala yatsa.

Filin kuwa kar ki ɗauka ya tafi ke nan. Na tabbata ba Baba kaɗai ke zaune bayan taga a gidajen nan ba. Ki zagaya ki ƙirga su, masu sanda, masu jego, waɗanda aka mutu aka bari. Ku je taro da sunayensu ku nemi gurbin mota biyu kacal, a sa benci da rumfa, inda babu matakala kuma nesa da tagogi, a tsayar da lokacin zama. Wanda ya nemi kaɗan a rubuce ya fi wuyar korewa. Unguwar da ta samar wa mota wurin hutawa ta hana tsohonta, ai lissafinta bai fita ba, kuma masu motocin ma tsufa na nan tafe. Kafin a amince, kujerun roba uku a ƙofar gidanku ba sa bukatar izinin kowa. Teburin aikinki ki mayar da shi ɗakin baya, ko ki nemi a sauya miki sa'o'in yamma.

Ba zan yi miki alƙawarin zai yafe nan take ba. Zai iya ɗauke miki kai na mako ɗaya ko wata ɗaya, kina ba shi magani yana kallon gefe. Ki jure. Benci ana iya zuba shi baɗi, amma ƙarshen wata ba zai jira ki ba. Yanzu haka mahaifinki yana kwana yana tashi da yaƙinin cewa shi abin ƙyama ne ga mutanen da ya fi so, kuma ke kaɗai ce a duniya za ki iya cire masa wannan. Gara ya yi fushi da ke da ya mutu yana jin kunyar kansa.

Allah ya jiƙan Mai Agogo, ya ba Baba lafiya, ya sanyaya zuciyarsa a kanki, ke kuma ya ba ki ƙarfin buɗe baki.

Antinku